Namiji da mace kaɗai za su iya ceto dabbar da ke ƙarewa?

Tambaya: Malam, idan dabbar daji ta kusa ƙarewa, me zai hana a kama namiji da mace a killace su, su yi ta haihuwa har su yawaita? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Malam, za su iya haihuwa, amma yawan kawuna kaɗai ba ya tsare zuri'a. Kowace dabba tana gadon ƙwayoyin halitta ta ɓangaren uba da na uwa, kuma akwai masu lahani a cikinsu waɗanda ba sa bayyana sai an gaje su ta ɓangarorin biyu. Idan garke duka ya fito daga iyaye biyu, barbara za ta koma tsakanin 'yan'uwa, sai lahanin ya riƙa haɗuwa, haihuwa ta ragu, 'ya'ya su riƙa mutuwa tun suna ƙanana, annoba ɗaya kuma ta iya kwashe su duka domin garkuwar jikinsu kusan iri ɗaya ce. Makiyayin Gudali da ya san kiwo ba ya barin bijimi ɗaya ya daɗe yana hawan 'ya'yansa, yakan nemo wani daga wani garken.

Wannan dabarar ce ta ceci wani nau'in damisa a jihar Florida ta Amurka. A farkon shekarun 1990 saura 20 zuwa 30 ne, da yawansu da lanƙwasasshiyar wutsiya da ciwon zuciya da raunin maniyyi. A 1995 aka kawo 'yan'uwansu damisa mata 8 daga jihar Texas, lafiyar 'ya'yan ta inganta, yawansu ya ninka kusan sau uku.

Abin da ya fi damuna shi ne raƙumin dawan maƙwabtanmu na yankin Kure, kusa da Yamai. A 1996 guda 49 ne kacal suka rage, yanzu sun haura 600, kuma wannan aiki ne da ya cancanci yabo. Sai dai dukkansu jikokin waɗancan 49 ne. A 2018 an kai 8 gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, don kada fari ko cuta su same su wuri guda, amma hakan bai ƙara masu sabon jini ba, kuma babu wani garken irinsu a duniya da za a ɗauko bijimi daga cikinsa.