Lambar yabo bayan mutuwa: yadda Amurka ke biyan bashin baƙaƙen sojojinta

Tambaya: Malam, na ji an ba wani baƙin sojan Amurka lambar jarumta bayan ya shekara fiye da tamanin a kabari. Me ya jawo wannan jinkiri, kuma ta wace hanya ake bi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Da alama Henry Johnson kake nufi. A watan Mayun 1918, a Faransa, shi da abokin gadinsa suka yi arangama da ayarin Jamusawa cikin dare. Da bindigarsa ta cije sai ya zaro wuƙa. Faransa ta karrama shi nan take, ƙasarsa kuwa ta yi gum. Ya rasu a 1929, sai a 2015 Obama ya ba shi Medal of Honor, lambar da babu ta sama da ita a sojan Amurka.

Tushen matsalar a teburin kwamanda yake. Lambar ba ta zuwa sai shugaban soja ya rubuta takardar shawara, an haɗa da bayanin rantsuwa na waɗanda suka gani da ido, sannan ta bi manya hawa-hawa. A zamanin da ake ware baƙaƙe a rundunoninsu, Turawa na shugabantarsu, wata takardar ba a ma rubuta ta, wata a rage mata daraja, wata kuma ta yi ɓatan dabo. Ta Freddie Stowers, wanda aka kashe a Satumbar 1918, an rubuta ta amma ta maƙale. Sai a 1991 aka miƙa wa 'yan'uwansa mata biyu lambar.

Baƙaƙe fiye da miliyan ɗaya suka yi Yaƙin Duniya na Biyu, amma ko ɗaya bai samu ba a lokacin. A 1993 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta sa Jami'ar Shaw ta tono takardu. Masu binciken suka gabatar da mutum goma, aka amince da bakwai, Clinton ya ba su a Janairun 1997. Vernon Baker kaɗai ke raye.

Yau doka ta ce a gabatar da shawara cikin shekara uku da faruwar abin, a ba da lambar cikin biyar. Idan wa'adi ya wuce, dangi ko masu fafutika sukan nemi ɗan majalisa ya tura buƙatar ga rundunar, a binciki shaidu, Sakataren Tsaro ya amince, Majalisa ta yi dokar ɗage wa'adin, sannan Shugaban Ƙasa ya sa hannu.

Inda gizo ke saƙa shi ne shaida. Shaidu sun mutu, ga kuma gobarar 1973 a ma'ajiyar takardu ta St. Louis da ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18. Waverly Woodson, baƙin soja ma'aikacin jinya, ya kwashe awa 30 yana ɗaure raunukan 'yan'uwansa sojoji a gaɓar tekun Omaha da ke Faransa a 1944, shi ma da rauni a jikinsa. Akwai wasiƙar da ta ambaci an ba da sunansa, amma ainihin takardar ba a gan ta ba. A ganinmu, ɗora wa mamaci alhakin takardar da hukuma ta ɓatar ba adalci ba ne. A 2024 dai aka ba matarsa lambar da ke biye da babbar, shekara 19 bayan rasuwarsa.