Ga ƙanwata da ta tambaya kan zafin baki

Ƙanwata, kin ce shekara uku ke nan da yin baftisma, amma da ranki ya ɓaci sai zagi ya riga tunani fita, har kina shakkar ko tubanki na gaske ne. Ni ma na bi ta nan.

Tumatir da attaruhu nake sayarwa a kasuwar Mile 12. Kin san Legas, tun daga motar haya ta danfo ake fara cacar baki da kwandasta a kan canji. Wata safiya wani yaro ɗan dako ya yi tuntuɓe ya kifar min da kwando guda. Na zage shi tas, har uwarsa ban bari ba. Yana tsugune yana tsince tumatir daga cikin taɓo, ya ɗago ya ce, "Mama, ba ke ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ba?" Ashe cocinmu ɗaya. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Da farko dabarar kame baki na yi, na riƙa cije leɓe. Ko mako biyu ban kai ba na fashe a kan maƙwabciyata saboda layin famfo. Yakubu 3:8 ya riga ya faɗa cewa ba mutumin da ke iya horar da harshe. A Matiyu 12:34 kuma Yesu ya nuna inda ciwon yake: abin da ya cika zuciya shi baki ke zubarwa. Da na duba tawa zuciyar a gaban Ubangiji, tsoron bashi na tarar, da halin raina wanda bai kai ni ba. Waɗannan na riƙa kaiwa cikin addu'a da sunansu.

Mutanenmu na cewa hali zanen dutse ne. Ban yarda ba, domin na ga Ruhu Mai Tsarki yana goge nawa, a hankali dai. Kada kuma ki ɗauka magana mai alheri ita ce yin shiru a kan gaskiya. Kolosiyawa 4:6 da gishiri ya kwatanta ta, gishiri kuwa ba ya sauya miya zuwa wani abu, daɗin ci yake sa mata. Har yau ina tsayawa kan kuɗina, muryar ce ta sauka.

Wannan damuwar da ke hana ki barci, ni a wurina alamar rai ce. Ki fara da mutum na ƙarshe da kika zaga, ki je ki ce ya yafe miki. Ni sai da na yi kwana uku ina neman yaron nan kafin na same shi wajen masu sauke albasa.