Amsa ga Sista kan bidiyon ciwon zaizayewar ƙashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sista, na ji tambayarki, wai ko kunna bidiyo a ɗakin jira ya isa ya wayar wa iyayenmu mata kai kan zaizayewar ƙashi. To, yana taimakawa, amma a ɗakin jira hayaniya ta yi yawa, kowa kunnensa na wajen kiran kati. Gara a zaunar da su biyar ko shida, a nuna musu, sannan a tura wa 'ya'yansu a waya.

Kada ya wuce minti uku, kuma kowane bidiyo magana ɗaya. Na farko ya nuna cewa ciwon nan ba ya zafi. Da yawa suna ɗaukarsa ciwon gwiwa ne, alhali shi shiru yake cin ƙashi, sai ranar da aka yi 'yar faɗuwa a banɗaki ƙugu ko wuyan hannu ya karye, ko baya ya fara rankwafawa. A faɗi waɗanda ya fi kamawa: matan da al'ada ta ɗauke musu, da masu shan prednisolone (maganin rage kumburi) wata uku ko fiye, da masu shan ɗan'uwansa dexamethasone don su yi ƙiba, wannan kam kada ku manta ku faɗe shi a bidiyon.

Inda na fi so ku dage shi ne shan alendronate, wato maganin zaizayewar ƙashin, miligiram 70 sau ɗaya a mako. Ku ɗauki hoton dattijuwa irinsu tana yi, ba zane ba. Da safe, ciki babu komai, ta haɗiye ƙwayar da cikakken kofin ruwa zalla. Ba shayi, ba koko, ba nono, don suna hana maganin shiga jiki. Sannan minti 30 tana zaune a miƙe ko tana tsaye, ba ci, ba kwanciya. Nan ake samun matsala, saboda an saba komawa barci bayan asuba. Ƙwayar sai ta ƙona maƙoshi, ƙirji ya yi zafi, ta ajiye maganin ba ta faɗa wa kowa ba. Ku ce ta sha bayan ta idar da salla, ba kafin ruku'u da sujada ba. Ƙwayar kalsiyam kuma, wato sinadarin da ke gina ƙashi, a bar ta sai an jima.

Batun abinci kada ku cika lissafi. Wajen miligiram 1200 na kalsiyam a rana ake nema ga mace mai shekara sama da 50, amma ku nuna kindirmo, zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da zama a hantsi a tsakar gida don hasken rana na taimaka wa jiki ya amfana da kalsiyam.

Da an gama, kada ki ce "kun gane?", kowa zai ce eh. Ki ce, "Hajiya, gobe da safe yaya za ki sha?" Inda ta kuskure, ki mayar da bidiyon daidai wurin. In ta dawo ganin likita ki sake tambayarta.