Me ya sa finafinan waƙa na farko suke a sandare?

Ɗan'uwa ka tambaya me ya sa 'yan wasan finafinan waƙa na Amurka wajen 1929 suke tsayawa ƙiƙam kamar an dasa su. Wallahi ba laifinsu ba ne, kyamarar lokacin ƙara gare ta sosai, sai a kulle ta cikin wani akwati mai gilashi don kar makirufo ya ɗauki ƙarar, shi kuma makirufon a ɓoye yake cikin tukunyar furanni, ka matsa kaɗan murya ta ɓace. Makaɗa ma a wurin suke kiɗa kai tsaye. Amma fa muryoyin na da daɗi, ni dai har yanzu suna taɓa ni, fim ɗin The Broadway Melody ma ya ci kyautar Oscar. Zuwa 1933 an koma naɗar waƙa tukuna kafin a ɗauki hoto, kyamara ta samu sakewa, kalli fim ɗin 42nd Street ka gani.