Tambaya da Amsa: Mota na mutuwa a hannuna ranar kondwit

Tambaya: Assalamu alaikum. Kod, wato jarrabawar dokokin hanya, na ci shi tun karon farko, amma sau biyu ke nan ina faɗuwa kondwit, wato jarrabawar tuƙi, na permi B, lasisin ƙananan motoci. Da na zo tashi sai mota ta mutu, a kireno kuma, wato shiga da baya tsakanin motoci biyu a gefen hanya, tayar baya ta hau dakalin hanya. Ina kuskurena yake? Daga wata mai karatu a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Laifin ƙafar hagu ne. Injin na mutuwa ne idan aka saki ambiriyaj, wato kuloci, gaba ɗaya kafin taya ta fara juyawa. Ki taka shi har ƙasa, ki sa bitas, wato giya, ta ɗaya, ki ɗan taɓa totur har allurar juyin injin ta kai wajen 1500. Sai ki ɗago ƙafa a hankali. Inda ƙarar injin ta sauka, gaban mota ya ɗan motsa, nan ne gaɓar. Ki tsai da ƙafarki a nan kamar daƙiƙa 2, mota ta gangara, sannan ki ƙarasa sakewa. A hawa, kada ki sauke birkin hannu sai kin ji wannan gaɓar. Takalmi mai tsini ko silifas na ɓata wannan aiki, gara shafaffe mai kama ƙafa.

In ta mutu, kada ki ruɗe: birki, ambiriyaj, ki cire bitas, ki sake tayarwa.

Kireno kuwa, ki kunna sigina ta dama, ki jera da motar gaba da tazarar rabin mita zuwa mita 1, bayanku daidai. Ki yi baya, sitiyari duka dama, har mota ta karkata wajen digiri 45. Ki miƙe taya, ki ƙara baya, sai gabanki ya wuce bayan waccan motar ki juya duka hagu. Hawa dakali alama ce kin makara wajen juyawa hagun.

A kan titi, mai jarrabawa idonsa na kan bel, madubi da sigina. Allon STOP tsayawa cak yake nufi ko ba kowa. Mahaɗar da ba alama, na damanki ke da hanya. Kuma kafin kowace kwana ki waiwaya ta kafaɗa, don kabu-kabu da adaidaita na Maraɗi ta inda madubi bai kai ba suke ɓullowa.