Ta ina ƙaramar ƙungiya za ta fara tsara aikinta?

Ka ce ku biyar ne kacal a ƙungiyarku ta sa-kai, kuna son tsarin aiki na shekara 3. Malam, kada ku fara da rubutu. Ku fara zama da mutanen da kuke yi wa hidima, ku ji abin da ya fi damunsu. Sannan ku tsayar da buri biyu ko uku, kowanne da mai alhakinsa, da kuɗinsa, da ranar kammalawa.

Na taɓa ganin kundi mai shafi 40 yana shan ƙura a durowa, domin an rubuta shi ne kawai don burge masu ba da tallafi. Naku ku riƙa buɗe shi duk wata uku, abin da ya ƙi gaba ku ajiye shi.