Kofinki iska ya sha, 'yar uwa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na ce bari in bari sai na samu natsuwa dan maganar tana da ɗan tsawo. In na fahimce ki daidai, maigida ya zo miki da tsarabar kofi kilo ɗaya daga Habasha, soyayye amma ba a niƙa ba, kika juye shi a babban gwangwanin madara kika ɗora a kan kantar ajiye kaya, yanzu sati uku ƙamshin nan da ya cika gida ranar farko ya gudu, kina tambaya ko ki sayi mazubin nan mai tsada da ake talla wanda ake cewa iska ba ta shiga. Na ga wasu sun ce ki sa a firij. Dan Allah kar ki sa, zan zo kan wannan.

Ni dai shekarata kusan tara ina fama da kofi a gidan nan, ba dan ni na fara so ba, maigidan ne ba ya iya fita da safe sai ya sha, tun ina yamutsa fuska saboda ɗacin har na zo na fi shi jaraba. Kuma duk kuskuren da kika yi na yi wanda ya fi shi, dan ni har a robar da na taɓa zuba yajin daddawa na taɓa juye rabin kilo, na wanke ta tas da omo na shanya a rana ina ganin ai shikenan, bayan kwana huɗu aka dafa, mutumin ya kurɓa ya ajiye kofin ya kalle ni ya ce yau kuma miyar kuka aka yi mana da sassafe? Haka muka haƙura da shi gaba ɗaya.

Abin da ya samu kofinki sunansa ɗaya, ya sha iska. Kin san yadda soyayyiyar gyaɗa take in an bar ta a faranti ta kwana biyu, ta yi laushi, garɗin ya tafi, in ta daɗe ma ta fara warin tsohon mai? To kofi ɗan uwanta ne a wannan, shi ma ƙwaya ce mai mai a jiki da aka soya, ƙamshin da kike ji a cikin man nan yake, iska na taɓa shi yana tashi kuma man yana lalacewa. Shi ya sa masu gyaɗa suke ɗura ta a kwalba su cika ta har wuya su ɗaure murfin tam. Ki lura da wannan kalmar, har wuya. Iyayenmu sun gano abin tun kafin a fara tallan mazubi a waya.

Dan mutane suna ɗauka in murfi ya rufu gam magana ta ƙare, alhali iskar da ta fi yi wa kofi ɓarna ba wadda take waje ba ce, wadda kika rufe shi da ita a ciki ce. Kilo ɗaya na soyayyen kofi yana cin wajen lita uku na mazubi tunda ba shi da nauyi. Ranar farko gwangwanin a cike yake, iska kaɗan ce. Bayan sati biyu ya koma rabi, sauran rabin duk iska ce, kuma kullum da safe kika buɗe kin zubar da tsohuwar kin ɗebo sabuwa fes ta shiga ta ci gaba da aiki. In sau biyu kuke sha a rana, a sati uku kin buɗe shi sau arba'in da wani abu. Ko da mazubin zinare ne in haka za ki riƙa yi masa, na ƙasan sai ya zama lami kafin ki kai gare shi.

Saboda haka ni abin da nake yi, kuma shi ne abin da ya fi min aiki a duk abin da na gwada, ranar da kofi ya shigo gidan nake raba shi. Ina da ƙananan kwalabe na gilashi masu murfin ƙarfe da zoben roba a baki, irin masu maƙalin waya da ake dannawa ya ce ƙwas, kowace tana ɗaukar abin da za mu sha a kwana biyar ko shida. Mu biyu muna shan kamar giram 30 zuwa 35 a rana, to kwalbar rabin lita tana ɗaukar wajen giram 180, ta yi mana daidai. In cika kowace har baki, in girgiza ta ya zauna in ƙara, in rufe, in jera su a can cikin kabad inda babu haske. Guda ɗaya ce kawai a hannu, sauran ba mai taɓa su sai layi ya zo kansu. Wallahi ranar da na buɗe ta ƙarshe bayan wata guda ƙamshin da yake bugo ni ba shi da nisa da na ranar farko. Kwalaben nan kuwa a wajen masu kayan kicin a kasuwar Sabon Gari na saye su, kuɗin guda shida bai kai na mazubin talla guda ɗaya ba a lokacin.

Amma fa ki duba da kyau kafin ki biya, dan ba duk mai zoben roba ba ne yake riƙe iska. Na taɓa sayen wasu masu kyaun gani, murfin katako, an zana musu fure, ashe ado ne kawai, robar sako-sako take. Gwajin ba wuya, ki zuba ruwa rabi ki rufe ki kifa ta ki girgiza, in ko ɗigo ɗaya ya fito to iska ma tana wucewa. In mai shago ba zai bari ki gwada a wajensa ba ki sayi ɗaya tukuna ki je gida. Kuma bayan gwajin ki bar ta ta bushe ƙarau, har ƙarƙashin robar, ki cire zoben ki shanya daban, dan ɗan ruwan da yake maƙalewa a nan ya isa ya ɓata miki kwalba guda. Robar kuma tana tsufa, zafin garin nan yana busar da ita ta fara tsagewa, nawa duk bayan shekara biyu haka sai na ga wata ta saki.

Kwalbar da aka ci wani abu a ciki ma tana yi in ba ki son kashe kuɗi, gilashi ba ya riƙe wari, matsalar murfin ce. Na jam ko na zuma ba laifi. Na mayonis ko wanda aka taɓa sa tafarnuwa ko yaji ki manta da shi, farin abin nan da yake cikin murfin ya riga ya sha warin har abada. Kofi kuwa kamar soso yake wajen jan wari, kar ki ajiye shi kusa da daddawa, kanumfari, kifi busasshe, balle turaren wuta da humra. Robobin kasuwa na zuba sukari da gari su ma ban yarda da su ba, roba tana shan man kofin, bayan wata biyu ki shinshina za ki ji wani tsohon wari ya zauna wanda wanki ba ya fitarwa, sabon da kika zuba ya ɗauka.

To batun masu tsadar da kika gani. Iri biyu ne yawanci. Akwai wanda yake da murfi biyu, na ciki ana danna shi ƙasa har ya zauna a kan ƙwayar ya kore iskar da take sama, kamar wanda ake kira Airscape. Wannan dabarar tana da ma'ana dan ita ce take maganin matsalar da na faɗa ta rabin gwangwani, kofi na raguwa murfin na bin shi ƙasa. Akwai kuma mai zuƙe iska, wani da ɗan famfo wani kuma murfin ake murzawa gaba da baya, kamar Fellow Atmos. Na yi amfani da irin na farko da wata ƙanwata ta kawo min, na silba, kuma yana aiki tsakani da Allah, shi nake sa wanda muke sha yau da gobe. Mai zuƙe iskar kuwa wani marar suna na saya, kuma abin da na lura shi ne in kofin sabon suya ne sai ki dawo bayan kwana biyu ki tarar murfin ya saki, na ɗauka lalacewa ya yi, ashe kofin ne da kansa yake fitar da iska. Soyayyen kofi yana numfashi, yana fitar da irin iskar nan da take cikin lemon kwalba, kwanakin farko da ƙarfi sannan ya riƙa raguwa har sati biyu ko fi. Shi ya sa za ki ga ledar kofi mai kyau tana da wani ɗan maɓalli zagayayye da ƙananan huji a jiki, bawul ne, yana barin ta ciki ta fita ba ya barin ta waje ta shiga. In da ledar da maigida ya kawo tana da shi kuma tana da zif, da barin shi a ciki kika yi kina matse iskar kina naɗe bakin kina ɗaurewa da kyauro, da ya fi gwangwanin nan nesa ba kusa ba. In kina da kuɗin kuma kina sha'awa ki sayi mai murfi biyun, ba asara ba ce, amma ki sayi ƙarami, kar ki sayi ƙaton da zai ɗauke kilo ɗaya ki koma gidan jiya.

Wajen ajiyewa ma ki duba. Kin ce a kanta yake, ina fata ba kantar da take saman gas ba ce ko kusa da taga. Zafi yana gaggauta lalacewar, kuma kin san kicin ɗinmu a watan Afrilu, waje ma zafin ya haura digiri 40 balle inda ake girki. Ni a bazara ma fitar da kwalaben nake daga kicin gaba ɗaya in kai su kabad ɗin falo ta ƙasa. Gilashi kuma yana barin haske ya shiga, dan haka in dai a fili za ki ajiye dan ado to ki nemi na silba ko na tangaran. Da hunturu ba ni da damuwa sosai tunda garin a bushe yake, damina ce abin tsoro, watan Agusta in kika bar murfi a buɗe kina hira ƙwayar tana jan danshi, kuma kar a kuskura a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki.

Firij kuwa, dalilin da na ce a'a, cikinsa danshi ne da warin miya da albasa, kuma duk fitowar da za ki yi da kwalba mai sanyi cikin zafin nan sai ta yi zufa ciki da waje, ruwan nan a kan ƙwayar yake sauka. Firiza daban ce, tana riƙe kofi watanni in an yi daidai, wato an raba ƙanana an ɗaure tam, in kin fito da ɗaya ki bar ta a rufe har ta huce gaba ɗaya kafin ki buɗe, kuma ba ta komawa. Amma wannan sai mai tsayayyiyar wuta ko sola. In irin layinmu ne da ake kawowa awa huɗu a ɗauke kwana guda, ya daskare ya narke ya daskare, gara kabad sau dubu.

Sai niƙa. Na ji daɗi da kika ce ba a niƙa ba, ki bar shi a haka. Kar wani ya ce ki kai inji ko ki zuba a bilenda ki niƙe duka dan sauƙi, garin kofi abin da ƙwaya za ta yi wata tana asara shi a kwana biyu zai yi, ba mazubin da zai cece shi. Na shan lokacin kawai za ki niƙa. In ba ki da ɗan injin hannu, ƙaramin turmi ya isa, amma a ware shi, ba na dakan yaji ba.

Wannan na turmin a wajen wata maƙwabciyata na koya, Bahaushiyar Sudan ce da aure ya kawo ta, ita dariya ma take mana da zancen mazubi. Ɗanye take ajiyewa, koren nan da ba a soya ba, a jakar yadi a ɗaki mai bushewa, yana kai mata wata da watanni ba abin da ya same shi tunda ƙamshin sai an soya yake fitowa. In za a sha jabana, wato kofin gargajiyarsu na Sudan, ta ɗebi tafi ɗaya ta soya a ɗan kasko kan gawayi tana juyawa har ya fara ƙara kamar gugguru, ta zagayo da hayaƙin kowa ya shaƙa, ta daka da citta ta dafa. Tun daga nan na koma in wani zai yi tafiya ya tambaye ni tsaraba ina cewa ɗanye nake so, ko na Habasha ko wanda ake nomawa a tsaunin Mambila, in soya na sati ɗaya ranar Lahadi, in bar shi ya huce ya kwana a buɗe-buɗe sannan in ɗura a kwalba. Kilo ɗaya in an soya yana dawowa kamar giram 850, kar ki ce an sata.

Wanda yake hannunki yanzu kar ki zubar. Ƙamshin da ya tafi ba ya dawowa amma bai zama guba ba, ki tauna ƙwaya ɗaya, in ta fashe ƙaras kuma ba warin tsohon mai ko na funfuna to lafiyarsa lau. Ki raba shi yau ɗin nan a ƙananan kwalabe dan ki tsayar da sauran, ki riƙa ƙara yawan garin kaɗan wajen dafawa, ki jefa citta da kanumfari ɗaya ko hel, wato cardamom, in kina da shi, da madara ba wanda zai gane. In kin tashi zuwa kasuwar ki tafi da ɗan ruwa a gora saboda gwajin murfin, wasu masu shagon suna yarda in kika ce shida za ki ɗauka.